Wa Ke Biya, Wa Ake Jin Tsoro? Darasi Kan Tallafin Ƙasashen Waje da Ƙungiyoyin Farar Hula Daga Birnin Gwari

 Wannan rubutu na yi shi ne don 'yan HND II da ke fama da furojet a yanzu, da 'yan ND da ke tafe a bayansu, sai kuma duk wanda ya ƙudura a ransa cewa da ya gama bautar ƙasa zai buɗe ƙungiya ya fara neman tallafi daga waje. Na san muna da yawa, don a hostel kaɗai na ji wannan buri a bakin mutane da dama. Ni ɗan Birnin Gwari ne, ina karanta harkar gudanar da mulki, kuma abin da zan kawo muku daga wahalar da na sha a nawa furojet ɗin ya fito.

Taken da na kai wa malamin da ke duba aikina shi ne tasirin tallafin ƙasashen waje a kan ƙungiyoyin farar hula a ƙaramar hukumarmu. Ya amince. Da aka yi hutu na tafi gida, na ɗauki biro da littafi na zaga gari. Duk allon da na gani a bakin titi, ko a jikin bangon asibiti, ko kusa da rijiyar burtsatse, mai ɗauke da sunan wata ƙungiya da tambarin masu tallafi, sai na rubuta. Na dawo makaranta ina jin ai na gama rabin aiki.

Malam ya duba takardar, ya ɗago ya dube ni.

"Kai ɗan Birnin Gwari, alluna ka ƙirgo mini ko ƙungiyoyi?"

Na ce, "Ƙungiyoyi ne, Malam."

"To a cikinsu wacce ce in ta kira taro gobe, ba kuɗin mota ba lemo, mutum hamsin za su zo?"

Na yi shiru. Ya ce, "Mahaifiyarka tana cikin wata ƙungiya?" Na ce tana adashi da matan unguwa, kuma tana cikin ƙungiyar matan Islamiyyarsu. Ya ce me ya hana ni rubuta su. Na ce ai ba su da rajista. Ya yi dariya, ya miƙo mini takardata ya ce in je in yi karatu tukuna, sannan in sake komawa gida. Wallahi ranar na ji haushi, amma tambayar nan tasa ita ta zama ƙashin bayan aikin gaba ɗaya.

Mece ce ƙungiyar farar hula?

A kimiyyar siyasa, idan aka ce farar hula ana nufin filin da ke tsakanin gida da gwamnati, inda mutane ke haɗuwa bisa raɗin kansu don wata buƙata da ta haɗa su, ba don neman riba ko neman kujerar mulki ba. Ƙungiyar ɗalibai da ke buga wannan mujalla tana ciki. Ƙungiyar direbobi a tasha tana ciki, haka ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi, da 'yan agajin masallaci, da zumuntar mata a coci, da samarin da ke fita aikin gayya.

Dalilin da ya sa masana suka damu da wannan fili shi ne suna ganin a nan talaka ke koyon tuhumar shugaba. Wani Ba'amurke, Robert Putnam, ya fitar da bincike a 1993 a kan yankunan ƙasar Italiya, inda ya nuna cewa yankunan da mutane suka saba shiga ƙungiyoyi, ko da na ƙwallo ne ko na waƙa, gwamnatocinsu sun fi aiki. Bayan ƙarewar yaƙin cacar baka, masu ba da tallafi a Turai da Amurka suka rungumi irin wannan tunani. Suka ce tunda gwamnatocin Afirka da yawa na soja ne ko na ɓarayi, bari a zuba kuɗi a ƙungiyoyi masu zaman kansu, su za su gina dimokuraɗiyya daga ƙasa. A zamanin mulkin soja na shekarun 1990 irin waɗannan ƙungiyoyi suka yawaita a Najeriya.

Amma tun kafin Putnam, wani ɗan ƙasarmu, Farfesa Peter Ekeh, ya rubuta wata maƙala a 1975 da har yau ake karantawa a jami'o'in duniya. Ya ce mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka dandalin jama'a iri biyu. Akwai na gwamnati da ofisoshinta, wanda mutum ke gani kamar ba na kowa ba, in ya ci kuɗinsa ba ya jin kunya. Akwai kuma na asali, wato na gari da dangi da ƙabila, wanda in mutum ya ci amanarsa ba zai iya ɗaga kai a cikin mutane ba. Ku duba da kyau, ma'aikacin da zai yi sama da faɗi da kuɗin ofis, shi ne kuma ba zai taɓa sisin kwabo na kuɗin ginin masallacin garinsu ba.

Tambayar da ta fito mini daga nan ita ce: ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin waje, a wanne dandali mutane suka ajiye ta? Shin suna ganinta tasu ce, ko suna ganinta kamar wani reshen ofis ne da ake zuwa a ci rabo?

Abin da masu bincike suka gano

A 1996 wasu Turawan Ingila biyu, Michael Edwards da David Hulme, suka yi gargaɗin cewa ƙungiyoyi sun fara kusantar masu ba su kuɗi fiye da yadda suke kusantar mutanen da suke cewa suna yi wa aiki. Hanyar da abin ke bi ba ta da wuyar ganewa. Mai tallafi yana son rahoto duk wata uku, da Turanci, da hotuna, da rasit. Don haka ƙungiya za ta ɗauki mai iya Turanci da kwamfuta, ta buɗe ofis a babban birni, ta koyi kalmomin da ake so a ji. Bana in kuɗin yana wajen cutar ƙanjamau, ita ma can take. Baɗi in ya koma sauyin yanayi, sai ta canja allo. Bahaushe ya riga ya faɗa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Masooda Bano, 'yar Pakistan da ke koyarwa a Jami'ar Oxford, wadda ta kuma yi aiki a kan makarantun Islamiyya a Kano. A 2008 ta fitar da sakamakon kwatanta ƙungiyoyi 40 a ƙasarsu, rabi masu cin tallafin waje, rabi masu dogaro da gudummawar jama'a. Ta tarar masu cin tallafin suna da ofis da albashi mai kyau, amma kusan ba su da mambobi. Bayanin da ta bayar shi ne: mutum yana ba da kuɗinsa da lokacinsa ne idan ya ga jagoran tafiyar shi ma yana sadaukarwa. Ranar da ya ga jagora ya shiga mota mai lamba ta musamman yana karɓar albashi da dala, sai ya ce to ai an biya shi, ni me zai sa in yi kyauta? Kuɗin da aka kawo don a ƙarfafa haɗin kai, sai ya zama shi ya warware shi.

Ƙasar Habasha ta ba masu bincike wani gwaji da ba su nema ba. A 2009 gwamnatinta ta yi doka cewa duk ƙungiyar cikin gida da ke aikin kare haƙƙin ɗan Adam, kada kuɗin waje ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da take kashewa. Kendra Dupuy da James Ron da Aseem Prakash suka bi diddigi, suka ga yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi ko sun rufe ko sun canja aiki, domin ba su da jama'ar da za ta ɗauki nauyinsu a gida. Dokar ta danniya ce, kuma an sauya ta a 2019, amma ta tona asirin yadda saiwar ƙungiyoyin ba ta yi zurfi ba.

Kada ku ɗauka duka masana bakinsu ɗaya. A 2007 Steven Finkel da abokan aikinsa biyu suka duba kuɗin da Amurka ta kashe wajen tallafa wa dimokuraɗiyya a ƙasashe fiye da ɗari daga 1990 zuwa 2003, suka ce kuɗin ya yi amfani, ko da yake ba mai yawa can ba. Mu ma shaida ne a kan wani abu: an samu mutum na ƙarshe da ƙwayar cutar shan inna ta daji ta kama a Najeriya a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Kuɗin waje ya taka rawa sosai a wannan yaƙi. Sai dai ku lura, bai yi nasara a Arewa ba sai da ya bi ta hannun sarakuna da malamai da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, wato masu jama'a tun asali.

A nan jiharmu ma an yi wani gwaji. Shirin SAVI, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2016, ya yi aiki a Kaduna da Kano da Jigawa da wasu jihohi. Abin da ya bambanta shi, ya kauce wa tsarin raba wa ƙungiyoyi kuɗin tallafi kamar yadda aka saba. Ya fi mai da hankali ga haɗa ƙungiyoyi da 'yan jarida da 'yan majalisar jiha a kan matsalar da su da kansu suka zaɓa, ya ba su horo da shawara. David Booth da Victoria Chambers sun yi nazarin shirin a 2014, suka nuna cewa da aka ɗauke kuɗi daga kan tebur, masu neman na cefane suka ja baya, waɗanda abin ya dama da gaske suka tsaya. Ashe ba kuɗin kaɗai ne matsalar ba, har da yadda ake shigo da shi.

Sannan kada wani ya ce kuɗin waje ne kaɗai ke saye ƙungiya. A 2021 Matthew Page ya fitar da rahoto inda ya ƙirga aƙalla ƙungiyoyi 360 a Najeriya da aikinsu kawai yabon gwamnati da sukar masu sukarta. Waɗannan ba Bature ya saye su ba.

Na koma gida

Ga wanda bai san yankinmu ba, Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga Kaduna ta Buruku da Udawa. Muna da mazaɓu 11, irin su Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da Kakangi da Tabanni. A gefenmu dajin Kamuku yake, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. A 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa.

Wannan ɗagawa tana cikin darasinmu, domin cikin abubuwan da suka jawo ta har da aikin wata ƙungiya mai zaman kanta, Savanna Conservation Nigeria, wadda ta yi aiki da ƙauyukan gefen dajin a kan yadda za a ci moriyarsa ba tare da an ƙarar da shi ba. Wato ƙungiyar ƙwararru, mai iya rubuta rahoto da shiga ofis, tana iya motsa gwamnatin tarayya ta yi abin da ƙungiyar ƙauye ba za ta iya sa ta ba. Wannan gaskiya ce da ya kamata mu riƙe.

Amma kowa ya san abin da ya biyo baya. Dajin da ake fatan baƙi su zo kallon giwaye da Tsaunin Rema da ruwan Dogon Ruwa, ya zama mafakar ɓarayin shanu, daga baya masu garkuwa da mutane. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji. A watan Mayun 2018 aka kashe mutane da dama a Gwaska. Hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro. A ƙarshen 2021 gwamnati ta katse layukan waya na tsawon makonni. Sai a watan Nuwamban 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya je aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe.

Ga ɗalibin kimiyyar siyasa, waɗannan shekaru masu ɗaci sun zama kamar siraɗi da kowace ƙungiya ta bi ta kai. Ƙungiyar da ma'aikatanta ke zuwa daga Kaduna ko Abuja tana da dokar tsaro: in hanya ba ta da kyau, mota ba za ta fita ba. Ban ga laifinsu ba, rai ba shi da canji. Amma sakamakon shi ne, lokacin da aka fi buƙatar taimako shi ne lokacin da allo ya rage shi kaɗai a tsaye.

Na je wurin wani kawuna da ya daɗe a harkar tasha, na tambaye shi su wa suka tsaya a lokacin. Ya ce, "Ɗana, ai ba sai ka tambaya ba. Ranar da aka ɗauke direba, mu muke zagawa da hula a tasha. Ranar da aka kawo gawa, 'yan agaji ne ke wanka da haƙa kabari. Waɗanda suka gudo daga ƙauye, a zaurukan mutane suka kwana kafin wani ya zo da takarda yana rubuta suna." Na ce to kuɗin fa, ba a taɓa cinyewa? Ya ce, "An taɓa. Ma'ajinmu ne, kuma har gida muka bi shi. Sai da ya sayar da babur ɗinsa."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ainihin abin da Ekeh da Bano ke faɗa. Ma'ajin tasha yana tsoron mutanen da suka ba shi kuɗin, don gobe da su zai yi sallah. Jami'in shirin tallafi shi ma yana da wanda yake tsoro, amma mai binciken kuɗi ne da ke zaune a wata ƙasa, wanda rasit yake dubawa, ba ruwansa da ko rijiyar tana ba da ruwa.

Na ga haka da idona a wata unguwa. Rijiyar burtsatse ce da wata ƙungiya ta haƙa, an kafa kwamitin kula da ita, an yi musu bita ta kwana biyu an ba su kuɗin zama. Da famfon ya lalace, shekara ta zagayo ba a gyara ba. Na tambayi wani dattijo a wurin, ya ce, "Malam, ai ta masu allon ce, muna jiran su dawo." Taku kaɗan daga nan akwai rijiyar masallaci da mutanen unguwa suka haƙa da karo-karo. Igiyar gugarta in ta tsinke da safe, kafin la'asar an sayo wata.

Ta fuskar murya kuwa, duk mai bin labarai ya san yawancin abin da duniya ta ji game da halin da muke ciki ya fito ne ta bakin ƙungiyoyin 'yan asalin yankin, irin su Ƙungiyar Ci Gaban Masarautar Birnin Gwari, wadda aka fi sani da BEPU. Su suka riƙa fitar da sanarwa a kan harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma, da yadda 'yan Ansaru suka kafu a gabashin yankin wajen Damari. Masu wannan magana iyayensu da gonakinsu na wurin, ba su da wata hedikwata da za ta ce su tattara su dawo.

Tarko biyu da na kusa faɗawa

Da na dawo na rubuta babi na huɗu da zafi, na kammala da cewa tallafin waje yana kashe ƙungiyoyi. Malam ya ja jan biro a kai, ya nuna mini kurakurai biyu da nake so ku guje musu.

Na farko, ganin abubuwa biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Na ga ƙungiyoyi masu cin tallafi ba su da mambobi, sai na ce tallafin ne ya kore su. Amma mai yiwuwa tun farko ba su da mambobin, don neman tallafin aka kafa su. Mai yiwuwa kuma masu tallafin ne ke zaɓar masu iya Turanci su tsallake masu jama'a. Kowanne daga cikin waɗannan labari ne daban, maganinsa ma daban. Hanyar rarrabewa ita ce ka samu ƙungiya ɗaya da ta rayu kafin tallafi, ta ci tallafi, tallafin ya ƙare, ka bi tarihinta a matakan nan uku. Littafin taro da littafin karo-karo sun fi kowace takardar tambayoyi faɗin gaskiya a nan.

Na biyu, kada son gida ya rufe maka ido. Samun mambobi ba shi ne adalci ba. 'Yan sa-kai suna da mambobi, suna da karo-karo, jama'a na goyon bayansu, kuma sun kare garuruwa. Amma a faɗin Arewa maso Yamma an sha zarginsu da kashe Fulani ba tare da shari'a ba, abin da ya ƙara rura wutar. Sannan ka tambayi kanka, a taron ƙungiyar gari mata nawa ke magana? Makiyayi yana da kujera? Sau da yawa shirin da ke da kuɗin waje ne ke tilasta a sa mata da naƙasassu a kwamiti. Kuma karo-karon tasha ba zai sayi allurar rigakafi ko maganin ƙanjamau na jiha guda ba. Kowane ɓangare da inda yake da ƙarfi da inda yake yoyo.

Me ya sa wannan ya shafe mu yanzu?

Saboda famfon yana ƙafewa. Birtaniya ta rage tallafinta daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta zuwa 0.5 a 2021, kuma a Fabrairun 2025 ta sanar za ta sauko zuwa 0.3 nan da 2027. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin Amurka na kwana 90, a farkon watan Yulin shekarar kuma aka rufe hukumar USAID. Majalisar Tarayya sai da ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don toshe giɓin. Da yawanmu muna da yaya ko ƙanin uba da aikinsa ya tsaya a wannan lokaci. Abin da aka yi wa Habasha da doka, yanzu yana faruwa da kowa ta hanyar kasafin kuɗin wasu ƙasashe. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Tambayoyi biyar ga mai bincike

Ko furojet kake yi, ko aiki kake nema a wata ƙungiya, ko taka kake son kafawa, ga abin da na koya ka tambaya.

Ɗaya: wa ke biya? Ka nemi kason da ke fitowa daga aljihun mambobi da wanda ke zuwa daga waje. Ko naira ɗari biyu ce a wata, ka rubuta ta.

Biyu: wa zai iya cire shugaba? Yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe? In amintattun ƙungiya su ne shugaban da matarsa da ƙaninsa, ka san inda ka dosa. Takardar rajista da hukumar CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 tana nuna ƙungiya ta halatta a idon hukuma, amma ba ta nuna tana da jama'a.

Uku: wa ya zaɓi matsalar? Ka kwatanta abin da ƙungiyar ke yi bana da abin da take yi shekara biyar da suka wuce. In ya canja, mutanen gari ne suka canja buƙata ko mai tallafi ne ya canja sha'awa?

Huɗu: da wane harshe ake ba da rahoto, kuma wa ake karanta wa? In ba a taɓa karanta lissafin kuɗi da Hausa a gaban mambobi ba, to ba su ake jin tsoro ba.

Biyar: wa aka bari a waje? Ka nemi mata, da makiyaya, da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, ka ji ko sun san da ƙungiyar.

Sai kuma kashedi ga masu bincike a wurare irin namu. Kada ka rubuta sunan wanda ya yi maka magana, ko a littafinka na aljihu. Kada ka naɗi murya sai da izini. Ka fara gaida mai unguwa ko hakimi ka faɗi abin da ya kawo ka, ka riƙe takardar gabatarwa daga sashenku, domin baƙo mai yawan tambaya a garin da ya sha wuya ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Ka faɗa tun farko cewa kai ɗalibi ne ba ka zo da tallafi ba, in ba haka ba kowa zai ba ka amsar da yake jin za ta sa sunansa a lissafin rabo. Ƙauyen da aka ce kada ka je, kada ka je. Babu makin da ya kai ranka.

Ga masu burin kafa ƙungiya, ban ce kada ku karɓi tallafi ba. In ya zo ta hanyar da ta dace, ku karɓa ku yi aiki. Amma ku fara da mutum ashirin da za su zo taro ba kuɗin mota, ku saba karanta musu lissafi, ku bar musu ikon cire ku. Mu ma nan makaranta mu gwada tambayoyin nan biyar a kan ƙungiyarmu ta ɗalibai da ƙungiyoyin jihohi da na sassa da muke biya wa kuɗi duk zango. Ni dai na sake rubuta babi na ɗaya, kuma adashin Inna ne ya buɗe jerin ƙungiyoyin. Malam ya sa hannu makon jiya. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kuma dawwamar da zaman lafiya a Birnin Gwari da ƙasa baki ɗaya, amin.